Varaztad Kazanjian: likitan haƙorin da ya yi wa sojoji 3,000 aikin fuska, sannan ya koma aji yana da shekara 40

A ƙarshen shekarar 1919, ɗaliban aji uku na makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Harvard da ke Boston a Amurka sun yi sabon abokin karatu wanda ya girme su nesa ba kusa ba. Shekararsa 40. A cikin wannan shekarar ce Sarkin Ingila George na Biyar ya ba shi lambar girma a Fadar Buckingham. Rundunar sojan Birtaniya ta riga ta yi masa muƙamin manjo, makarantar koyon aikin haƙori ta wannan jami'a kuma ta naɗa shi farfesa. A shekaru huɗun da suka gabata, sojoji fiye da 3,000 waɗanda harsashi ko ɓaraguzan bam suka lalata wa fuska da muƙamuƙi sun bi ta hannunsa. Amma takardar shaidar da yake riƙe da ita ta likitan haƙori ce, kuma da yaƙi ya ƙare, wannan takarda ba ta isa ta ba shi damar sa wuƙa a kunci ko hanci ko fatar idon majiyyaci da sunan kansa ba. Saboda haka ya nemi gurbin karatu, ya zauna a benci tare da samari. Sunansa Varaztad Hovhannes Kazanjian.

An haife shi ranar 18 ga Maris, 1879, a garin Erzincan da ke gabashin ƙasar Turkiyya ta yau, a zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa. Iyayensa Armeniyawa ne, sunan Kazanjian kuwa yana nufin ɗan maƙerin tukwane. Ya yi karatun farko a wata makarantar limaman Katolika na Faransa da ke garin Sivas, daga baya ya koma wurin yayansa a Samsun, garin da ke gaɓar Baƙin Teku, inda ya yi aiki a gidan waya. Tsakanin 1894 da 1896, a zamanin Sarki Abdulhamid na Biyu, an yi wa Armeniyawa kisan gilla a garuruwa da dama na daular. A watan Oktoba na 1895 yaron ya sauka a Amurka yana da shekara 16, ba kuɗi, ba Turanci.

Ya nufi Worcester, garin masana'antu a jihar Massachusetts, domin a can ne 'yan uwansa Armeniyawa suka fi taruwa. Tun 1891 suka gina cocinsu na farko a Amurka a wannan gari. Abin da ya ja su shi ne masana'antar waya, inda ake jan ƙarfe ta cikin ƙananan huji har ya zama siriri. A Hausa kalma ɗaya ce ta haɗa gidan wayar da ya bari da wayar da ya tarar, ko da yake ta biyun ita ce ta yi masa rana. Shekara bakwai ya yi a wannan aiki. Da rana yana gaban inji, da dare yana aji yana koyon Turanci da lissafi. A nan hannunsa ya san halin waya: wadda ke lanƙwasuwa, wadda ke karyewa, da iyakar murɗar da za a yi mata kafin ta tsinke. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1900, a 1902 kuma makarantar haƙori ta Harvard ta karɓe shi. Ya kammala a 1905 yana da shekara 26.

A wancan zamani likitan haƙori ba shi da wata daraja a idon likitocin fiɗa. Ana kallonsa a matsayin mai sana'ar hannu, ɗan uwan maƙeri, wanda ke cire haƙori ya cike rami ya haɗa haƙoran roba. Abin mamaki, a wannan birni na Boston ne wani likitan haƙori, William Morton, ya nuna wa duniya a ranar 16 ga Oktoba, 1846, cewa ana iya sa majiyyaci barci da sinadarin ita a yi masa fiɗa ba tare da ya ji zafi ba, a Babban Asibitin Massachusetts. Wannan bai hana a ci gaba da raba makarantun biyu ba, kowace da tsarinta da takardarta. Haka kuma babu wani tsararren horon ƙwarewa da likitan haƙori zai shiga bayan kammala karatu domin ya zama likitan fiɗar baki da muƙamuƙi. Mai sha'awar wannan fanni sai dai ya liƙe wa wani babba, ko ya koya a kan majiyyatan da Allah ya kawo masa.

Kazanjian ya buɗe ɗakin duba haƙori a Boston, ya kuma karɓi aikin mataimaki a sashen haƙoran roba na makarantar da ya fito. Wannan sashe ne asibitocin birnin ke turo wa mutanen da muƙamuƙinsu ya karye, domin likitocin fiɗa ba su san yadda za su yi da irin wannan karaya ba. Dalilin a fili yake. Ƙafa ko hannu in ya karye, maɗori kan ja shi ya daidaita, ya ɗaure da kara, ya hana shi motsi. Muƙamuƙin ƙasa kuwa ba shi da inda za a kafa masa kara daga waje, ga shi kuma tsokoki masu ƙarfi suna jan kowane ɓangare zuwa nasu wajen: na taunawa suna ja sama, na ƙarƙashin haɓa suna ja ƙasa da baya. In ƙashin ya haɗe a karkace, haƙoran sama da na ƙasa ba za su sake haɗuwa ba, mutum ya rasa tauna har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki awon bakin, a ƙera wani ƙaton makari na roba ko ƙarfe a cusa tsakanin haƙora, aikin da ke cin kwanaki kuma yake tara ƙazanta. Kazanjian ya koma ga hanya mai sauƙi. Muƙamuƙin sama a manne yake da ƙoƙon kai, ba ya motsi, don haka shi ne karan ɗorin da aka halitta a wurin. In aka mayar da haƙoran ƙasa suka zauna daidai da na sama kamar yadda suke kafin haɗarin, to ƙashin da ke riƙe da su ma ya koma mazauninsa. Sai a zagaye haƙoran da siririyar waya, a murɗe ta sama da ta ƙasa wuri guda, baki ya kasance a rufe makonni huɗu zuwa shida, majiyyaci yana shan abinci mai ruwa ta gefen haƙora. Ba shi ya fara tunanin ba. Tsoffin likitocin Girka sun ɗaure haƙora da zaren zinariya, wani Ba'amurke mai suna Thomas Gilmer kuma ya bayyana irin wannan ɗauri tun 1887. Sai dai Kazanjian yana cikin waɗanda suka mayar da shi aikin yau da kullum, kuma kafin yaƙi ya ɓarke ya yi jinyar karayar muƙamuƙi kusan 400. Ya kuma ƙware wajen ƙera abin toshe ganɗa ga waɗanda aka haifa da tsagar ganɗa ko waɗanda ciwon daji ya cinye wa wani sashe na baki.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fara a watan Agusta na 1914, rundunar Birtaniya ta tsallaka Faransa ba tare da likitan haƙori ko guda ɗaya ba. Sai da haƙori ya matsa wa Janar Douglas Haig a watan Oktoba, aka rasa mai duba shi har aka nemo wani daga birnin Paris, sannan Ma'aikatar Yaƙi ta tura likitocin haƙori 12. Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai a watan Afrilu na 1917, amma tun tsakiyar 1915 Jami'ar Harvard ta haɗa tawagar sa-kai ta likitoci da ma'aikatan jinya domin taimaka wa Birtaniya, aka kuma ɗora Kazanjian a kan sashen haƙori da muƙamin laftanar na girmamawa. An sauke su a Babban Asibiti mai lamba 22 a Camiers, kusa da gaɓar teku a arewacin Faransa, asibitin da yawancinsa tantuna ne da ɗakunan katako. Yarjejeniyar ta wata uku ce. A wannan shekarar dai hukumomin Usmaniyya suka fara kwashe Armeniyawa daga garuruwansu, har da lardin da aka haife shi, inda ɗimbin jama'a suka hallaka. Yawancin masana tarihi suna kiran abin kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya kuma ba ta amince da wannan suna ba har yau.

Da farko aikinsa bai wuce cire ruɓaɓɓun haƙora da haɗa na roba ba, domin sojojin Ingila na lokacin, 'ya'yan talakawan birane, bakinsu ya lalace ƙwarai. Ba a daɗe ba aka fara kawo masa wasu irin majiyyata. Yaƙin na cikin ramuka ne: soja yana tsaye a rami, jikinsa a ɓoye, kansa ne kaɗai ke leƙowa. Hular kwano da aka fara rabawa a ƙarshen 1915 ta kare ƙoƙon kai, ta bar fuska a buɗe, saboda haka mutane da yawa da a da za su mutu nan take suka riƙa rayuwa ba haɓa, ba hanci, ko da rabin muƙamuƙi. Ɓaraguzan bam ba sa huda nama su wuce kamar harsashi, yagawa suke yi, su cusa laka da tsumma da gutsattsarin haƙora cikin raunin. Gonakin Faransa kuma sun sha taki shekara da shekaru, ƙasarsu cike take da ƙwayoyin cuta, ga shi ba a gano maganin fenisilin ba sai 1928. Ko ɗaukar irin wannan majiyyaci sai da dabara: in aka kwantar da shi rigingine kamar sauran, harshensa da ya rasa madogara kan faɗa baya, jini ya cika maƙogwaro, ya shaƙe kafin a kai asibiti. Dole a zaunar da shi ko a kifa shi.

Likitocin fiɗa kan yi abin da suka koya, wato su wanke rauni su ja fata su ɗinke. Fatar kan haɗe, amma a kan ƙashin da ya watse. Bayan makonni tabo ya ƙanƙance ya ja baki gefe guda, gutsattsarin ƙashi su manne inda ba mazauninsu ba, mutum ya tashi da fuskar da shi kansa ba ya son gani, ba ya iya tauna, ba ya iya riƙe yawu. Kazanjian ya juya tsarin. A ganinsa, fuska kamar ɗaki take, ba a yaɓe kafin a kafa dirka. A fara da ƙashi, tun raunin yana ɗanye: a mayar da kowane gutsure mazauninsa, haƙoran da suka rage su zama ma'auni, a riƙe su da waya da zobban ƙarfe. Inda ƙashi ya tafi gaba ɗaya, sai ya ƙera madadinsa na wucin gadi da ƙaƙƙarfar robar da ake haƙoran roba da ita, ya sa a gurbin domin nama ya warke a kansa da siffar haɓa ko kunci, kada ya lotsa. Ba ya gaggawar zubar da gutsuren ƙashin da ke manne da nama, domin yana iya rayuwa. Raunin kuma a riƙa wanke shi a kai a kai, sai ruɓa ta lafa sannan a ɗinke.

Babu kundin da ya tanadi kayan wannan aiki, kuma babu raunuka biyu masu kama ɗaya. Kowane majiyyaci sai an ƙera masa nasa: wani ana kafa masa sandar ƙarfe daga wani abin ɗauri a ka domin ta ɗago muƙamuƙin sama, wani ana ja masa gutsure a hankali da zaren roba har ya dawo layi. A nan ne shekaru bakwai na masana'antar Worcester da shekaru goma na ɗakin haƙoran roba suka haɗu. Sannu a hankali ya wuce ƙashi ya shiga nama, yana juyo fata daga kunci ko wuya ya gina leɓe, yawanci da allurar kashe zafi ta nobokin, domin sa wa mai raunin baki abin shaƙar barci yana da haɗari. Ba wanda ya tambaye shi takarda. Majiyyata sun yi yawa, masu iya aikin kuma ba su da yawa.

Da wata ukun ya cika, hukumomin sojan Birtaniya suka roƙi a bar shi, jami'arsa ta tsawaita masa hutu, aka ware masa ɗakunan jinya a asibiti mai lamba 20 da ke maƙwabtaka, inda aka riƙa tattaro masu raunin muƙamuƙi daga sassan fagen daga. A watan Yuni na 1916 aka ɗaga shi zuwa manjo. Ranar 1 ga Yuli aka fara gwabzawar Somme, inda a ranar farko kaɗai sojojin Birtaniya fiye da 57,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace. Jaridun Ingila suka laƙaba masa sunan mai abin al'ajabi na fagen dagar yamma, likitoci kuma suka riƙa zuwa kallon yadda yake aiki. Bai bar Faransa ba sai bayan an tsagaita wuta.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan fage, kuma adalci ne a faɗi haka. A kusa da Boulogne akwai Charles Valadier, shi ma likitan haƙori, wanda ya buɗe sashen raunin muƙamuƙi tun farkon 1915. Da yake ba shi da takardar likitan fiɗa, sai aka haɗa shi da wani matashin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ɗan asalin New Zealand, Harold Gillies, domin ya sa ido a kan aikinsa. A wurinsa Gillies ya fara ganin irin wannan aiki, ya koma Ingila ya kafa sashe a Aldershot, sannan Asibitin Sarauniya a Sidcup a 1917, kuma shi ne tarihi ya fi tunawa a matsayin uban tiyatar gyaran jiki ta zamani. Aikin ya rabu gida biyu: Kazanjian yana kusa da fagen daga yana karɓar rauni a kwanakinsa na farko, Gillies yana Ingila yana gina fuska a cikin watanni da shekaru. Majiyyacin da aka kafa wa ƙashi daidai a Camiers ya fi sauƙin gyara in ya isa Sidcup. Labarin Valadier kuma ya nuna abin da ke jiran likitan haƙori komai ƙwarewarsa: sai ya yi aiki a ƙarƙashin inuwar wani.

Wannan ne ya sa Kazanjian ya yanke shawarar da ta ba mutane mamaki a 1919. Shekarar ba ta zo masa da sauƙi ba, domin a cikinta matarsa ta farko ta rasu. Yana iya zama da kujerarsa ta farfesan fiɗar baki ta soja, ya ci gaba da haɗa haƙora ga masu kuɗin Boston, suna kiransa gwarzon yaƙi. Amma aikin da ya koya a Faransa ya wuce haƙori, kuma asibitocin farar hula ba za su miƙa masa ɗakin tiyata ba. Duk wanda ya taɓa ganin ma'aikacin da ya fi kowa sanin aikin ofis, amma rashin wata takarda ya tsayar da shi a mataki ɗaya shekara da shekaru, zai gane halin da ya shiga. Za a iya cewa tsarin ne ya yi tsauri, mutumin da ya yi wa dubbai aiki ai ya wuce a zaunar da shi jarrabawa. Amma tsarin yana da hujjarsa. Sojojin da ya yi wa aiki samari ne masu ƙarfi da aka tantance lafiyarsu. A Boston kuwa za a kawo masa jariri mai tsagar leɓe, da tsoho mai ciwon zuciya da ƙari a muƙamuƙi, da matar da wuta ta ƙona, kuma mai riƙe da wuƙa dole ya san abin da ke faruwa a huhu da ƙoda da jini, ba a baki kaɗai ba. Gemu ba ya hana ilimi. Jami'ar ta yafe masa shekaru biyu na farko, ya yi biyun ƙarshe, ya karɓi digirin likita a 1921 yana da shekara 42.

Daga nan hanya ta buɗe. A 1922 aka naɗa shi farfesan fiɗar baki a Harvard, kujerar da ya riƙe har ƙarshen shekarun 1930. Ya sake aure a 1923. Ya jagoranci sashen tiyatar gyaran fuska a Babban Asibitin Massachusetts da Asibitin Ido da Kunne na jihar, a 1941 kuma makarantar likitanci, wadda ya zauna a bencinta shekara ashirin da suka wuce, ta naɗa shi farfesanta na farko a fannin tiyatar gyaran jiki. Yaƙi ya wuce, amma mota ta maye gurbinsa: gilashin gaba da sitiyari suka riƙa kawo masa raunukan da suka yi kama da na Camiers. Bai manta da sana'arsa ta asali ba. Har yau ɗaliban haƙori suna koyon wata tiyata mai ɗauke da sunansa, wadda ake zurfafa kwarin da ke tsakanin leɓe da dasashi ga tsofaffin da ƙashin muƙamuƙinsu ya zaizaye, domin haƙoran roba su sami wurin zama.

Majiyyacinsa mafi shahara shi ne Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam na birnin Vienna a Ostiriya. Freud, wanda kan sha sigarin ganye har 20 a rana, ya kamu da ciwon dajin baki a 1923. Likitansa Hans Pichler ya cire masa wani babban sashe na muƙamuƙin sama da ganɗa a ɓangaren dama, aka ƙera masa wani ƙaton abin toshi da ke raba baki da kogon hanci. In babu shi ba ya iya ci ko magana, in yana ciki kuma yana goga masa nama yana azabtar da shi. A 1931, lokacin da Kazanjian ya je wani taro a Turai, almajiran Freud suka matsa masa ya zo, har da Gimbiya Marie Bonaparte, kuɗin aikin kuma ya kai dala 6,000. Ya yi makonni a ɗakin aikin Pichler, ya ƙera abin toshi har guda uku. Sauƙin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Bakin da ake ta yanka, tabo kan tabo, siffarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, kuma abin da ya zauna daidai yau ba zai zauna ba bayan wata tiyatar. An yi wa Freud aiki fiye da sau 30 kafin ya rasu a Landan a watan Satumba na 1939.

Ya rubuta maƙaloli fiye da 150. A 1949, shi da John Marquis Converse suka wallafa littafi kan yadda ake jinyar raunukan fuska ta hanyar tiyata, wanda ya daɗe yana zaman madogara a fannin. A cikinsa aka kasa karayar muƙamuƙin ƙasa gida uku, kuma ma'aunin rabon ya nuna daga inda marubucin ya fito: karayar da ke da haƙora a ɓangarorinta biyu, wadda ke da su a ɓangare ɗaya, da wadda ba haƙori ko kaɗan. Likitan ƙashi zai tambayi inda ƙashin ya karye, Kazanjian kuwa tambayarsa ta farko ita ce me ya rage da za a ɗaura waya a jiki. Ya shugabanci ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka da ta likitocin fiɗar fuska da muƙamuƙi. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da ƙarancin magana da rashin son nuna kai, da harshensa na baƙo da bai taɓa gogewa ba, da son kamun kifi.

Hanyar da ya bi shi kaɗai ta zama tsari a rayuwarsa. A 1946 aka kafa hukumar tantance likitocin fiɗar baki a Amurka, aka fara tsara horon ƙwarewa a asibitoci bayan makarantar haƙori. A 1971, shekara 50 cif bayan digirinsa na biyu, Harvard da Babban Asibitin Massachusetts suka buɗe shirin da likitan haƙori zai haɗa horon fiɗar baki da digirin likitanci a tafiya ɗaya, ƙarƙashin Walter Guralnick. Muhawarar ba ta mutu ba. A Amurka ana iya yin horon shekara huɗu da digirin haƙori kaɗai, ko na shekara shida wanda ya haɗa da na likitanci. A Birtaniya sai mutum ya mallaki digirin biyu. A Najeriya, inda aka buɗe makarantar haƙori ta farko a Jami'ar Legas a 1966, digirin haƙori ne ƙofa: bayan shekarar koyon aiki da hidimar ƙasa, likita kan nemi gurbi a asibitin koyarwa a matsayin mai neman ƙwarewa, ya zagaya sassan fiɗa da na sa barci, ya ci jarrabawar share fage da kashi na ɗaya da na biyu ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma.

Yau a ƙasashe masu arziki ana buɗe karayar muƙamuƙi a ɗaure ta da ƙananan farantai da kusoshin ƙarfen titaniyam, majiyyaci ya buɗe baki tun a kwanakin farko. A asibitoci da yawa na Najeriya kuwa, inda haɗarin mota da babur ke kan gaba wajen karya muƙamuƙi kuma majiyyaci ne ke biyan kuɗin farantan daga aljihunsa, ɗaurin waya na nan daram. Haka kuma ginin leɓe da kunci da hanci da aka koya a kan sojojin Faransa shi ne tushen aikin da ake yi wa yaran da cutar noma, wato zaizayar baki, ta cinye wa fuska, a asibitin da aka buɗe musamman dominsu a Sakkwato a 1999.

Kazanjian ya ajiye koyarwa a ƙarshen shekarun 1940, amma ya ci gaba da ganin majiyyata har 1964, lokacin yana da shekara 85. Garin da aka haife shi ya riga ya rushe: girgizar ƙasa ta watan Disamba na 1939 ta hallaka mutane fiye da 30,000 a yankin Erzincan, aka sake gina garin a wani wuri kusa da tsohon. Ya rasu ranar 19 ga Oktoba, 1974, a Belmont da ke wajen Boston, yana da shekara 95. Takardunsa da hotunan majiyyatansa suna ajiye a ɗakin karatu na Countway a Harvard, tare da siffofin fuskokin wasu daga cikin sojojin Camiers da aka ɗauka da filasta, kafin aiki da bayansa.